Yadda Ake Tsara Wasan Talabijin na Bincike da Kotu Wanda Dattijuwa Ke Jan Ragamarsa a Sakkwato

Wasanninmu na Hausa sun daɗe suna ajiye tsohuwa a ɗayan wuri biyu: ko uwar miji mai hana ruwa gudu, ko kaka a kan tabarma da tasbaha, wadda aikinta kawai sa albarka. Wannan asara ce babba, musamman ga mai son rubuta wasan bincike ko na kotu. A Amurka an yi Murder, She Wrote daga 1984 zuwa 1996, kashi 264, kuma Angela Lansbury tana da shekara 58 lokacin da aka fara nuna shi. A Ingila Brenda Blethyn ta fara Vera a 2011 tana da shekara 65, ba ta ajiye ba sai 2025. Kathy Bates ta fito a matsayin lauya a Matlock a 2024 tana da shekara 76. Ba don a kwaikwaye su aka kawo sunayensu ba, sai don a ga cewa masu kallo suna iya bin dattijuwa shekara da shekaru ba su gaji ba.

A Sakkwato dalilin ya fi ma ƙarfi. Ɗan sanda namiji iyakarsa zaure. Budurwa mai kaki tana iya shiga cikin gida, amma bakin matan gidan zai mutu da zarar sun gan ta. Dattijuwa kuwa da sallama ɗaya ta wuce har ƙuryar ɗaki, a shimfiɗa mata tabarma, a kawo mata ruwa, a yi magana a gabanta kamar ba ta nan. Nana Asma'u ta gane haka tun ƙarni na 19, shi ya sa jajin da ke jagorantar 'yan taru, masu kai karatu ƙauyuka, dattijan mata ne waɗanda tafiya ba ta zame musu abin magana. A kan wannan dama za ka gina wasan gaba ɗaya: tana shiga inda wasu ba sa shiga, tana tuna abin da wasu suka manta. Duk fitowar da saurayi ɗan shekara talatin zai iya yi a madadinta, ba tata ba ce, ka cire ta ko ka sake ta.

Fara da aikinta, ka duba abin da doka ta yarda

Nan ne kuskuren farko yake faruwa. Ɗan sanda a Najeriya yana ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Saboda haka 'yar sanda mai shekara 65 sanye da kaki ba ta yiwuwa. Idan kakin kake so, ka tsayar da ita a 57 ko 58, saura mata wata goma sha takwas ta ajiye aiki, wannan ma ya ba ka agogon da ke bugawa a bayan labarin.

Alƙalin Babbar Kotu yana kaiwa shekara 70 a kan kujera tun gyaran tsarin mulki na 2023. Mace a wannan kujera ba baƙon abu ba ne: Mai Shari'a Aisha Sani Dahiru ta riƙe muƙamin Babbar Jojin Jihar Sakkwato, Aloma Mariam Mukhtar ta zama mace ta farko Babbar Jojin Najeriya a 2012, Zainab Bulkachuwa kuma ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 2014 zuwa 2020. Sai dai alƙali ba ya fita neman hujja. Yana zaune ne a kawo masa, idan ya je gidan wanda ake tuhuma da daddare yana tambayoyi, ya rusa shari'ar da hannunsa. Kuma tsarin mulki ya hana alƙalin babbar kotu da ya bar kujera komawa tsayawa a gaban kotu a matsayin lauya, don haka dabarar nan ta tsohuwar joji da ta dawo kare talaka a kotu ba ta tafiya. Tana iya ba da shawara daga falonta, wata ta tsaya. Kujerar alƙalin kotun Shari'a kuma maza ne a kanta a aikace, kada ka ɗora ta can.

Lauya ita ce mafi sauƙi, domin ba ta da shekarun ritaya, tana shiga Majistare, Babbar Kotu da kotun Shari'a, kuma tana da dalilin zuwa ofishin 'yan sanda da gidan yari. Wadda ta fi daɗin rubutu kuwa ita ce wadda ba ta da muƙami ko ɗaya: tsohuwar nas, ungozoma, malamar Islamiyya, ko tsohuwar magatakardar kotu da ta yi shekara talatin tana jin ƙarya iri-iri a rantse. Irin wannan ba ta kama kowa, ba ta tsare kowa. Dole ka haɗa ta da wani mai iko, Sufeto ko matashiyar lauya, wanda zai mayar da abin da ta gano ya zama hujjar da kotu ke karɓa. Tsakaninsu ne rabin daɗin wasan yake. Shi yana ce mata Inna ko Hajiya, yana rusunawa in zai gaishe ta, amma yana da DPO a kansa da ke son a rufe fayil. Ita tana ce masa ɗan nan, tana aikensa kamar ɗan cikinta, wani lokaci ta wuce gona da iri ta jefa shi cikin matsala.

Ka ba ta aibi na gaske. Ba ciwon gwiwa kaɗai ba. A ce tana da riƙo, ko ta taɓa yin shiru a kan wata gaskiya don kare ɗan'uwanta shekara ashirin da suka wuce, ko ta fi yarda da 'ya'yan manyan gida. A cikin zango guda mai kashi goma sha uku, ta yi kuskure aƙalla sau biyu, kuskuren da wani zai kwana a tsare saboda shi. Dattijuwar da ba ta taɓa kuskure waliyyiya ce, mai kallo zai girmama ta amma ba zai damu da ita ba.

Idanunta da kunnuwanta

Kafin ka rubuta kashi na farko, jera mata huɗu ko biyar da labari ke zuwa mata ta hannunsu. Dillaliya ta san wadda ta sayar da sarƙar gwal a ɓoye da ranar da ta sayar. Uwar adashi ta san wadda ta kasa zubi wata uku sannan kwatsam ta biya duka. Mai kitso tana jin abin da ake faɗa idan kai yana kan cinya. Ungozoma ta san watan haihuwar kowa a unguwa. Mai wankan gawa ita ce mafi nauyi a cikinsu, domin mata ne ke wanke mace, kuma a garin da ake rasuwa da asuba a yi jana'iza kafin azahar, sau da yawa ita kaɗai ce ta ga tabon da ke wuya ko a haƙarƙari. Addini ya hore ta da rufe abin da ta gani. To ta faɗa ko ta yi shiru? Kashi guda cur yana cikin wannan tambaya, kuma ya kamata ka zauna da malamin fiƙihu kafin ka rubuta amsarta.

Kowace daga cikinsu ta kasance tana da abin da za ta rasa idan ta yi magana. Dillaliyar da aka san tana kai rahoto ta gama cin kasuwa a gidajen kulle. Idan labari yana zuwa wa Hajiya kyauta, binciken ya zama tsegumi.

Gina shari'ar daga ƙarshe

Kada ka fara da fitowa ta farko. Ɗauki shafi ɗaya ka rubuta gaskiyar abin da ya faru: wa ya aikata, da ƙarfe nawa, a ina, me ya sa, wa ya gani, wace ƙarya kowa zai yi kuma don me. Sai ka ware mutum uku da za a zarga, ba fiye ba a cikin minti arba'in, da alamu uku na gaskiya da kuma ɗaya mai ɓatarwa. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce mai kallo ya ga duk abin da Hajiya ta gani, a lokacin da ta gan shi. Bambancin kawai ita ta gane, shi bai gane ba tukuna.

Ga misali. Wani ɗan kasuwar albasa ya rasu. Kafin sadakar arba'in ƙanensa ya fito da takarda cewa marigayin ya sayar masa da gidan da ke Mabera, da shaidu biyu, da dangwalen yatsa, an rubuta ranar 20 ga Maris, 2024. Matar tana takaba, wata huɗu da kwana goma, ba ta yawon ofis-ofis, saboda haka Hajiya ce ke shiga wurinta. Alama ta farko: a cikin tsohuwar jakar marigayin duk rasit ɗinsa da ajami ya sa hannu, bai taɓa dangwale ba. Kyamara ta nuna wannan na daƙiƙa uku yayin da ake neman wani abu dabam. Alama ta biyu: uwar adashi ta ambata a cikin hira cewa matar ƙanen ta karɓi kwasa kafin lokacinta don biyan bashin mijinta, to mai bashi da me ya sayi gida? Alama ta uku ita ce mai kisa. Shaida yana ba da labari da ƙwarin gwiwa, har yana ƙara gishiri: "Da anka gama rubutu sai anka kawo muna hura da rana munka sha." Lauyoyi suna kallon kwanan watan boko, bai ce musu komai ba. Hajiya kuwa da watan Musulunci da bukukuwa take lissafi. Ta tuna sunan jikarta a makon ne, kuma sai bayan buɗa-baki aka ci abincin suna. Azumin 2024 ya kama ranar 11 ga Maris, ke nan 20 ga wata goma ga Ramadan ne. Magidanta huɗu sun sha fura da rana tsaka a cikin azumi?

Lura da abin da ya sa wannan ya yi aiki. Hujjar daga irin saninta ta fito, ba daga na'ura ba. An dasa ta tun minti na shida, inda aka ji Hajiya tana mitar wahalar girkin suna da azumi a baki. Kuma kowane mai kallo a Sakkwato, garin da ake jiran sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, zai iya cewa ai da na lura da na gane. Wannan jin shi ke dawo da shi mako mai zuwa.

Abubuwa uku ke kashe irin wannan labari, kuma duka ukun sun yi yawa a wasanninmu. Mafarki, inda mamaci ya zo ya faɗi wanda ya kashe shi. Laɓe, inda aka ji mugu yana ba abokinsa labarin laifinsa a bayan katanga. Sai haɗarin mota, inda mugu ya yi ikirari a gadon asibiti kafin ya cika. Duk ukun suna ƙwace nasarar daga hannun jarumar su ba sa'a. Idan ka ga alƙalaminka ya nufi ɗaya daga ciki, alamunka ne ba su isa ba, koma shafin farko.

Tsarin minti arba'in

Shafi ɗaya na rubutun wasa kusan minti ɗaya ne a allo, don haka kashi ɗaya shafi 38 zuwa 42 ne, fitowa 22 zuwa 28. Laifin ya bayyana kafin minti na huɗu, Hajiya ta shigo kafin na bakwai. Wajen minti na ashirin zargin farko ya rushe. Wajen na talatin ta kai inda ba ta da mafita, ko shaida ya janye, ko dangi sun zo roƙon a bar maganar a rufa asiri. Minti takwas na ƙarshe na warwarewa ne. Ta fito a kashi biyu cikin uku na fitowar. Idan tashar tana sa talla, tambayi sau nawa, ka sa kowane yankewa ya faɗo a kan tambaya. Bayan shari'ar mako-mako, ka ja zare guda tun daga kashi na ɗaya har na goma sha uku, wato tsohon shirun nan nata, kana sakin kaɗan-kaɗan, fitowa biyu a kowane kashi sun isa.

Hanyar da ƙara ke bi

Lauyoyi da 'yan sanda da ma'aikatan kotu suna kallo, kuma da zarar sun ga ɓaranɓarama za su yaɗa. Najeriya ba ta aiki da tawagar masu yanke hukunci irin ta fina-finan Amurka, alƙali ne ke sauraro, shi ke yankewa. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. An san ana saɓa wannan, kuma kana iya nuna ana saɓawa, amma wani a cikin wasan ya san saɓawa ce. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, kamar a tsare uwa don ɗanta ya gudu, ta kuma tabbatar cewa ba a hana mace tsaya wa mutum beli don tana mace. Jihohi, har da Sakkwato, suna da tasu dokar irinta. Fitowar da Hajiya za ta tsaya a gaban kantar ofishin 'yan sanda ta ce ita za ta karɓi belin yaron, a ce mata ta kawo namiji, ta ƙi motsawa, ta fi duk wani dogon jawabi kan 'yancin mata.

Laifin kisa yakan tashi daga ofishin yanki zuwa sashen binciken manyan laifuka na jiha. Majistare ba ta da hurumin yanke shi, takan ba da umarnin tsarewa ne a jira shawarar daraktan gabatar da ƙararraki na Ma'aikatar Shari'a, sannan a shigar da tuhuma a Babbar Kotu. Wannan yana cin watanni, wani lokaci shekaru. Kada ka kama mutum ranar Litinin ka yanke masa hukunci ranar Alhamis. Nuna wucewar lokaci da abin da ido ke gani: an kama shi cikin hunturu mutane na jin wuta, an fara sauraro damina ta sauka.

Gado, aure da saki na Musulmi kotun Shari'a suke zuwa, ɗaukaka ƙararsu kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. A can hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa, kuma alƙali yana yin i'izari kafin hukunci, wato ya tambayi kowane ɓangare ko yana da sauran magana. Wannan tambaya kyauta ce ga marubuci, domin ita ce ƙofar ƙarshe da gaskiya za ta iya shigowa. Matar mamaci tana da tumuni idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu, ka yi lissafin rabon daidai a takarda kafin wani ya furta shi a allo. Idan kuma gidan yana da takardar mallaka ta gwamna kuma rigimar ta mallaka ce, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta kai ta Babbar Kotu. A misalin albasa na sama, wannan kaɗai zai sauya ɗakin da za ka gina. Kada ka kwafi lambar sashe daga tsohon kundin hukunta laifuka, wato Penal Code, na 1960, nemi kundin da ke aiki a jihar yau, ko ka bar lambar gaba ɗaya.

Saƙon waya, hoton WhatsApp ko muryar da aka naɗa ba a miƙa wa alƙali haka kawai daga jaka. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana da sharuɗɗa a kan hujjar da ta fito daga na'ura. Idan wanda ake tuhuma ya ce dukansa aka yi ya sa hannu a takardar ikirari, yawanci akan tsaya a yi ƙaramar shari'a cikin shari'a a kan wannan kaɗai. Binciken gawa kuma akwai likitocinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, amma dangi kan ƙi, su ce a ba su su rufe. Kada ka ɗauki wannan a matsayin cikas, shi ne ma ya sa idon dattijuwa yake da daraja a labarinka.

Cikin ɗakin kotu

Kafin ka rubuta layi ɗaya na kotu, je ka zauna kwana uku a Majistare, uku a Babbar Kotu, uku a kotun Shari'a. Zaman a buɗe yake ga jama'a in ba an ce akasin haka ba. Littafi da biro kawai za ka riƙe, ba a ɗaukar hoto. Za ka ga lauya yana tsaye a wurinsa, ba ya zagaye ɗaki yana nuna shaida da yatsa. Za ka ga alƙali yana rubutu da hannu, ana jiran alƙalaminsa kafin a ci gaba. A Babbar Kotu lauyoyi suna sa baƙar riga da farar hular gashi, a Majistare ba sa sawa. A kotun Shari'a Hausa ake yi, ana cewa Allah gafarta Malam. Babbar Kotu da Turanci take aiki, da tafinta ga wanda ba ya ji.

Tafintan nan matsala ce kuma dama ce. Idan ka fassara kowace jimla, fitowar minti uku ta zama shida, mai kallo ya tashi. Dabarar ita ce a fara da jimla biyu ko uku ta bakin tafinta don a kafa yadda abin yake, sannan kyamara ta matsa kusa da fuskar shaida a ci gaba da Hausa zalla. Damar kuma ita ce kalmar da aka juya ba daidai ba. Shaida ta ce ɗan ɗakina, tafinta ya ce ɗanta. Dattijuwar da ke zaune a benci na biyu ita ce za ta ji bambancin, ta rubuta a 'yar takarda ta miƙa wa lauya.

Kunya ma hujja ce. Matar da ba ta faɗin sunan mijinta, uwar da ba ta kiran sunan ɗan fari, ba za su canza don suna gaban alƙali ba. Lauya baƙo zai ɗauka ɓoye-ɓoye ne. Hajiya ta san wane shiru ne na kunya, wane ne na tsoro.

Harshe

Idan wasan a Sakkwato yake, a ji Sakkwato a baki: munka, sunka, anka, yaz zo, tat tahi, shina, mi, biyat, wanga. Amma ba kowa da nauyi ɗaya ba. Tsohuwar cikin gari daga Kanwuri ko Ƙofar Rini ta yi shi cikakke, matashiyar lauya ta riƙa surkawa, ɗan sandan da aka turo daga wata jiha ya yi tasa Hausar. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne kada Sakkwatanci ya zama abin dariya a bakin jaruma, kamar yadda aka saba ba ɗan ƙauye shi don a yi nishaɗi. Ita ce mafi kaifin hankali a ɗakin, da wannan harshen take kama maƙaryaci. Karin magana ɗaya ko biyu a kashi sun isa, kuma ta faɗe su ga mutum a kan wani abu, ba ga kyamara ba. Makaminta na gaske gajeruwar tambaya ce bayan doguwar gaisuwa. Ta tambayi gajiya, ta tambayi yara, ta yi ta'aziyya, ta sha ruwa, har ta yafa mayafi za ta tafi, sannan ta juyo: "Af, wai wa ya kawo furar?"

Ɗauka

Idan kuna ɗaukar shafi shida a rana, kashi ɗaya kwana bakwai ne, zango mai kashi goma sha uku kusan kwana casa'in. Rage wahala da tsayayyun wurare biyar: tsakar gidan Hajiya, zaure, ofishin 'yan sanda, ofishin lauya, ɗakin kotu. Kotun ginawa za ku yi a aji ko zauren taro, da mumbarin alƙali mai tsayin taki biyu, akwatin shaida, akwatin wanda ake tuhuma da bencin zaman jama'a. Ɗauki duk fitowar kotu ta kashi uku ko huɗu a jere da kyamara biyu, ɗaya a kan mai magana, ɗaya a kan fuskar Hajiya tana sauraro. Fuskar nan ita edita zai fi nema, kuma ita aka fi mantawa.

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40. Kyamara tana ɗaukar zafi ta mutu, kwalliya tana narkewa, kuma ba daidai ba ne a tsayar da mace mai shekara 65 a tsakar gida da azahar. Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, sai dai hazo yana sauya launin sama daga yau zuwa gobe, saboda haka fitowar waje guda a gama ta rana guda. Tsakar gida daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, sai kuma bayan la'asar. Jarumar kada ta wuce awa shida a gaban kyamara, a jera fitowarta a haɗe, a tanadi kujera mai jingina da inuwa, a tsara hutu a kan lokutan salla. A buga mata rubutun da manyan haruffa, a kuma naɗa mata layukanta a murya ta tura a waya mako guda kafin ɗauka, domin da yawa daga cikin ƙwararrun dattijan 'yan wasa da kunne suka fi haddacewa. Idan ta ce tsohuwa ba ta faɗin kaza haka, a saurare ta, galibi ita ke da gaskiya. Sharaɗi ɗaya ne: layin da ke ɗauke da alama ba a taɓa shi, a ja masa jan layi a takardarta.

Sauti ne ya fi kayar da irin wannan wasa, tunda duk hujjar a cikin magana take. Ƙaramin makirufo a ƙarƙashin mayafi mai santsi yana kwasar ƙarar yadi duk motsin da ta yi. A zaɓi mayafin auduga, a manne makirufon da filasta a kan rigar ciki, a riƙe na sanda a sama don ko-ta-kwana. Janareta ya yi nisan mita talatin aƙalla, a bayan gini. A kashe fanka lokacin ɗauka, a naɗi minti ɗaya na shirun kowane ɗaki don edita. Mai kula da kwantiniti, wato mai lura kada kaya da kwalliya su sauya daga fitowa zuwa fitowa, ya ɗauki hoton hannunta kowace safiya, domin lalle yana kodewa cikin mako biyu, kuma fitowar da aka ɗauka yau da ta wata mai zuwa suna iya zama minti ɗaya a labari. Haka tabarau, tasbaha da ɗaurin kallabi.

Kakin 'yan sanda da motarsu ba a amfani da su sai da izini a rubuce, a nema ta ofishin kakakin rundunar jiha, a kai musu taƙaitaccen labarin. A gaida mai unguwa da hakimi kafin a kafa kyamara a unguwa, a kuma bi ta hukumar tace fina-finai kafin fitarwa. Kada a ɗauko shari'ar gaske da mutanen gari za su gane gidan da ta faru, ko an canza suna. Sakkwato gari ne da kowa ya san kakan kowa, kuma waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu.

Kafin a kai wa tasha, ko Rima ce, ko NTA, ko Arewa24, ko YouTube za a sa, a yi gwaji biyu. Lauya mai zuwa kotu kullum ya karanta rubutun tun kafin ɗauka, ba bayan an gama ba, lokacin da gyara ya zama sake kashe kuɗi. Sannan a tara mata biyar ko shida masu shekara hamsin zuwa sama a nuna musu kashi na farko, a tsayar da shi a minti na talatin, a tambayi kowace wa take zargi kuma don me. Idan duka sun gane, alamun sun yi fili da yawa, a rage daƙiƙun da kyamara ta tsaya a kansu. Idan babu wadda ta ko kusa, an ɓoye da yawa, a ƙara fitowa ɗaya da za ta maimaita alama ta biyu ta wata fuska. Abin da ake nema shi ne biyu su kama hanya, sauran su yi ta musu da su har a sake kunnawa.